Ina koyar da insha'i amma nawa rubutun yana ƙarƙashin katifa

Ɗalibar NCE: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina shekara ta uku a NCE, Hausa nake karantawa, yanzu an turo ni koyon koyarwa a wata firamare da ke Rigasa. Makon jiya na ba 'yan aji biyar insha'i a kan ranar kasuwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ke ina naki?" Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ina sakandare nake rubuta gajerun labarai, na cika littattafai uku, amma ko yayata ba ta taɓa ganinsu ba. Gani nake ban kai a kira ni marubuciya ba. Ta ina zan fara?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam 'yata. Yarinyar nan ta fi mai duba ku iya tambaya. Gobe idan kin ba su aiki, ki ja kujera ki zauna ki rubuta naki tare da su, sannan ki karanta musu. Kada ki wanke shi tas. Ki bar su su ga inda kika soke kalma kika sauya wata, domin yaranmu sun ɗauka rubutu daga sama yake faɗowa a shirye, shi ya sa suke tsoron takarda. Kuma ki sani Abubakar Imam yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. Alli bai hana shi riƙe alƙalami ba.

Maman Biyu: Ƙanwata, ni ma haka na yi ta ɓoyo har ɓera ya cinye mini rabin littafi. Ki fara kwafe su a waya. BBC Hausa na shirya gasar gajerun labarai ta mata mai suna Hikayata tun 2016, ki sa ido a kan sanarwarsu. Ko ba ki ci ba, wa'adin zai tilasta miki kammala labari guda.

Malamin Kawo: Ni ban goyi bayan ta fara da gasa ba, Hajiya. Wanda bai taɓa jin gyara daga mutum ɗaya ba, idan alƙalai suka yi masa shiru sai ya karaya. Ta samu abokan karatu biyu su riƙa musayar shafi ɗaya duk mako. Sannan Malama, ki tanadi ƙaramin littafi daban da na shirin darasi, kullum bayan an tashi ki rubuta layi biyar a kan abin da ya faru a aji. Maganar yarinyar nan ma ai labari ce.

Maman Biyu: Na yarda Malam, amma dai ta kwafe su tukuna!

Ɗalibar NCE: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, yau na gwada. Hannuna na rawa na karanta musu nawa, sai wani yaro ya ce na manta da masu tura baro, wai babu kasuwar da ba su. Na ƙara su a gabansu. Yanzu sun ce sai na kawo ci gaban ranar Litinin.