Masu kamu ɗaya: waƙa ta cika duniya, mai ita ya nutse

Tsohon Mai Kaset:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da yamma ina watsa wa tarwaɗa abinci a kududdufina, sai wata tsohuwar mota ta zo tana baya-baya a bakin layi, tana wannan kiɗan na Lambada. Wallahi sai da na ajiye kwanon. Na daɗe ina sayar da kaset a Sabon Gari kafin faifan CD da mimori su kore mu in koma kiwon kifi, kuma ba na jin akwai waƙar waje da na kwafa kamar wannan. Ƙungiyar Kaoma ce ta fitar da ita daga Faransa a 1989, mai rerawar kuma 'yar Brazil ce. Kullum sai dai a ce "Malam, a ba ni Lambada." Ban taɓa jin wanda ya ce a ba shi Kaoma ba. Kaset ɗin cike yake da waƙoƙi, amma farkon zaren ne kawai yake cinyewa, don tana ƙarewa sai a zura biro a mayar da ita baya.

Daga baya na ji ashe kifin ma ba nasu ba ne, a komar wasu suka tsince shi. Wata ƙungiya ta ƙasar Bolibiya, Los Kjarkas, ita ta fara yin wannan karin a 1981, kuma da suka kai ƙara suka yi nasara.

To ga abin da nake so mu yi. Kowa ya kawo waƙar da ta game duniya sau ɗaya mai ita ya ɓace, ya faɗi inda ta same shi, sannan ya gaya mana wane irin kifi ne mawaƙin. Ni Kaoma minjirya ce: ta ja mu sau ɗaya jikinmu ya ɗau rawa, ba mu sake haɗuwa ba.

Hajiya Mai Banda:
Wa alaikumus salam Baba. Ni Macarena ce tawa. Muna ajin ƙarshe a makarantar kwana, wata 'yar ajinmu ta dawo daga hutu da kaset ɗin, ta kuma iya rawar tun daga miƙa hannu, kifa tafi, dafa kafaɗa, dafa ƙeya, riƙe ƙugu, har zuwa tsallen juyawa. Dare ɗaya ta koya wa ɗakinmu gaba ɗaya. Mu ashirin da wani abu a jere tsakanin gadaje, da zani ɗaurin ƙirji, ana juyawa sai wata ta buge bokitin wata. A haka matar da ke kula da ɗakunan kwana ta same mu, muka kwana biyu muna yankan ciyawa, muna yankan muna rera ta ƙasa-ƙasa.

Duk a zatonmu wasu samari ne 'yan gayu. Ranar da na gan su a talabijin, dattawa biyu ne cikin kwat, sa'o'in babana. Tun daga nan ban san musu wata waƙa ba banda wannan. Kuma da na ce banda, to banda nake nufi, irin wadda nake sayarwa: an kyafe ta tun tuni amma har yau tana shiga miya.

Ɗan Sarkawa:
Hajiya, kin kamo babba ba ki sani ba. Sunan dattawan nan Los del Río, kuma da Sifaniyanci ma'anarsa "mutanen kogi". Wato 'yan'uwanmu ne masunta, sai dai su ba gora suke ɗauka ba. Daga Dos Hermanas suke, kusa da birnin Sebiya, kuma tun shekarun 1960 suke waƙa tare, ba wanda ya san su a waje. Sun yi Macarena a 1993, sai da wasu 'yan Miami da ake kira Bayside Boys suka sake haɗa kiɗan suka ƙara baitocin Turanci, sannan ta hau saman jerin Billboard na Amurka a 1996 ta yi mako 14 ba ta sauko ba.

Ni dai ba na son yadda ake yi wa irin waɗannan dariya. A Argungu na tashi. Tun 1934 ake bikin nan, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ya san yadda abin yake: dubban mutane su ruga ruwa da koma da gora, a fito da ƙananan kifaye ba iyaka, amma wanda ya rungumo giwan ruwa guda ɗaya shi ake ɗagawa sama. Ba mai tambayarsa me ya kama bara. Na shiga ruwan nan sau huɗu, babban abin da na taɓa fitowa da shi bai kai tsawon hannuna ba. Saboda haka wanda ya shekara talatin yana jefa koma sannan ya yi kamu ɗaya da ya ishe shi har jikoki, ni hula nake cire masa. Kifinsu kuwa gaiwa ce. Ruwa ya janye ta shige laka ta yi shiru, a yi biki ɗaya a kunna ta, ka ga ta farfaɗo kamar ba ta taɓa kwanciya ba.

Mai Turin Waƙa:
Baba Mai Kaset, mu ne muka gaje ku, a yi haƙuri. A 2012 ina da ɗan tebur da kwamfuta a Farm Centre, kuma Gangnam Style ita ce ta biya min kuɗin haya na wata da watanni. Yaro zai zo da waya ya ce "Yaya, a sa min ta mai rawar doki." Ranar 21 ga Disamba na shekarar ta zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube. Mai waƙar, PSY, talibambam ne. Ya kumbura ya cika ido, aka taɓa shi ya sace.

Malamin Sakandare:
Ƙanena Mai Turi, a nan zan ja da kai, har ma da taken zancen gaba ɗaya. Da yawa daga waɗanda muke cewa masu waƙa ɗaya ne, mu ne kifin rijiya, ba su ba. PSY tun 2001 yake fitar da waƙoƙi a Koriya ta Kudu, Gangnam Style a kundinsa na shida take. Kuma ba rawar doki kawai ba ce, habaici yake yi wa masu ƙaryar arziki na unguwar Gangnam a Seoul, irin yadda za a yi wa wanda ya ari babbar riga ya je Maitama ɗaukar hoto. Mu da ba ma jin yaren sai muka ɗauki tsallen muka bar maganar. Bayan ta ma ya yi Gentleman a 2013, ta kai ta biyar a Amurka.

Abin ya taɓa faruwa da ni. Lokacin da na je kwas Ingila, wani abokin karatuna Bature ya ce min ya san wani mawaƙin Afirka mai waƙa ɗaya, Mory Kanté, mai Yéké Yéké ta 1987. Na ce masa wannan ɗan gidan maroƙa ne na gado a Gini, gwanin gurmin kora, ya yi Rail Band a Bamako tare da Salif Keita tun kafin Turai ta san da shi. Shi daga rijiyarsa abu ɗaya ya hango. To haka mu ma muke yi wa nasu. Ku ɗauki ƙungiyar Aqua, waɗanda sunansu ma ruwa yake nufi. Kowa Barbie Girl ta 1997 ya riƙe, alhali a Ingila sau uku suna hawa na ɗaya.

Hajiya Mai Banda:
Malam, an ce ka kawo kifi, ka kawo mana darasi. Wane kifi ne su?

Malamin Sakandare:
Afuwan Hajiya. Ragon ruwa ne: a kasuwarsu da tsada, a tamu ba a san farashinsa ba.

Ɗan Garwa:
Ina gaida manya. Ni tawa ba ta dariya ba ce sosai. Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, 1976. Mahaifiyata ba ta jin Turanci, ba ta jin Faransanci, amma wannan Turancin buroka na waƙar ta san inda ya dosa. Tana da ƙaramar rediyo da take ratayewa a ƙusa kusa da murhu, in aka sa waƙar sai ta daina fifita wuta, ta nuna mu da mafici ta ce, "Kun ji ko? Ku ji da kyau." Ranar da muka dawo daga jana'izarta, mai shayin bakin titi ya kunna ta bai san me ke ciki ba. Ban iya wucewa ba, sai da na zauna a bencinsa har ta ƙare.

Mutumin an haife shi a Abakaliki a 1950, uwa 'yar Najeriya, uba ɗan Kamaru, shi ya sa har gobe mu 'yan Kamaru muke jayayya da ku 'yan Najeriya a kan na waye. Kamfanin EMI ya ƙi karɓar waƙar, sai Rogers All Stars na Onitsha ya fitar da ita. A 2004 masu sauraron BBC suka zaɓe ta waƙar da Afirka ta fi so, shi kuwa ya riga ya rasu tun 1997 a haɗarin babur a Kalaba. Yana da wasu waƙoƙin, har da Aki Special, amma ka tare mutum goma a tasha ka tambaye su, ɗaya za su kawo maka. Shi kifin kogin Binuwai ne, ba ya tsayawa a nuna masa iyaka.

Tsohon Mai Kaset:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Wannan kaset ɗin ko a shagona ba na barin ya ƙare, don masu sayensa yawanci ba don kansu suke saya ba.

DJ Ba Suna:
Amin. Bari in ɗan dawo da mu tudu. Wajen 2003 aka ɗauke ni kiɗa a wani biki, lokacin Aserejé ta Las Ketchup tana tashe. Na sa ta, 'yan mata suka taru kamar an ja taru, ana ta kaɗa hannuwa. Sai ga kawun amarya ya taso har gaban sifika, ya ce in kashe, wai an gaya masa kalmomin kiran aljanu ne. Ya zare min wayar sifika da hannunsa, kuma rabin kuɗina har yau ban gani ba.

Abin haushin, amshin ba wani yare ba ne balle ya kira wani. Labarin wani saurayi ne da yake son waƙar Rapper's Delight ta 1979 amma bai iya Turanci ba, sai yake rera ta yadda kunnensa ya ji, kamar dai yadda muke yi wa waƙoƙin Indiya. Su Las Ketchup ɗin 'yan'uwan juna ne mata daga Kordoba a Sifaniya, babansu makaɗin jita ne da ake wa laƙabi da El Tomate, wato tumatir, su kuma suka zama Ketchup. Sun sake jefa ƙugiya a gasar Eurovision ta 2006, ba abin da ya ci. Ni ban san kifinsu ba, amma miyar dai ta ji tumatir. A wurina ƙaya ce, har yanzu tana maƙale a wuyana.

Maman 'Yan Biyu:
Duk kun yi ta kewaye-kewaye kun bar kifin gaske. Baby Shark. Kamfanin Pinkfong na Koriya ta Kudu ya sake ta a 2016, a Nuwamban 2020 ta zama bidiyon da aka fi kallo a YouTube, a Janairun 2022 ta haye biliyan 10. Ina da yaƙinin rabin biliyan daga wayata ya fito. Yarana ba sa buɗe baki a ba su koko sai an kunna ta. Rannan a layin awo na ji kaina ina rera ta ni kaɗai, matar da ke gabana ta juyo ta kama min amshi. Ku naku kifin kun kama ne, ni nawa shi ya haɗiye ni.

Ɗan Sarkawa:
Maman 'Yan Biyu, wannan ba ya cikin lissafi. Kifin teku ne, mu na ruwan daɗi muke magana.

Alhaji Na Gwanjo:
Me ya haɗa kifi da kaska, in ji masu magana, to ni na ga abin da ya haɗa kifi da waƙa da idona. Cikin wata dilar kayan gwanjo da na buɗe na tarar da kifin roba a manne da allo, irin wanda Turawa ke ratayewa a bango, Big Mouth Billy Bass. Na sa masa batir ban san me zai yi ba. Sai kawai ya ɗago kai daga allon, ya juyo ya dube ni, yana kaɗa wutsiya, ya buɗe baki ya kama Don't Worry, Be Happy. Yaron shagona ya yi waje da gudu yana salati, takalminsa ɗaya a ciki.

Na shekara ina cewa waƙar Bob Marley ce, har na yi musu da kuɗi a kai na faɗi. Marley ya rasu a 1981, waƙar kuwa ta 1988 ce, ta Bobby McFerrin. Kuma ku sake saurara da kyau, babu ganga babu jita a ciki, duk abin da kuke ji da bakinsa da jikinsa ya yi shi. Ita ce waƙa ta farko marar kayan kiɗa da ta hau na ɗaya a Billboard. Malamin Sakandare zai ji daɗi in na ƙara da cewa mutumin gwanin kiɗan jaz ne mai lambar yabo ta Grammy goma, har manyan ƙungiyoyin kiɗa yake jagoranta, amma duniya ta bar shi a bakin kifin roba.

Kifin yana nan a shago, na ƙi sayarwa. Sai dai injin wutsiyar ya mutu, yanzu baki kawai yake motsawa.

Mai Turin Waƙa:
Alhaji, ka kawo shi gobe bayan Azahar, akwai mai gyaran rediyo a bayan teburina. In ya tashi, Baba Mai Kaset ya ce zai rataye shi a bakin kududdufi, ko tarwaɗarsa za ta ƙara ƙiba.

Tsohon Mai Kaset:
Ban ce ba, amma a kawo. Hajiya, ki haɗo min da banda ta dubu biyu a mota ɗaya.