Wutar cek inji ta dawo da P0401: in sayi sabon bawul ko kuwa?

Baban Iklima: Assalamu alaikum. Accord ce V6, ƙirar 2001. An sa mata kwamfuta ta nuna P0401, wai hayaƙin da bawul ɗin EGR ke mayarwa cikin inji bai isa ba. Bakanike ya kwance bawul ɗin ya wanke, ya goge lambar, bayan kwana uku wutar ta dawo. Sau biyu ke nan. Sulo lafiya lau, sai dai in ina hawa tudu inji na ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Yanzu ya ce in sayi sabo. In saya?

Direban Dare: Canza fulogi. Tawa haka ta yi.

Baban Iklima: Sababbi ne, ba su yi wata biyu ba.

Abu Hanif: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. Ni Corolla ce ta wahalar da ni wata bakwai. Na sayi bawul, wuta ta dawo. Bakanike ya ce sensa ce, na saya. Ya ce man da nake sha ne, na sauya gidan mai. Da na yi ƙorafi sai ya ce motar ce ta tsufa. Ƙarshe wani yaron gareji, wanda ko sifana ba a yarda ya riƙe, shi ya ga ɗan siririn tiyon iska ya tsage. Tiyo! Tsohon bawul ɗina yana nan cikin but, lafiyarsa ƙalau, kullum na buɗe sai raina ya ɓaci.

Injiniya Sabo: Baban Iklima, ai motarka ta ba ka amsa. Da bawul ya maƙale a buɗe, sulo zai riƙa rawa har inji ya mutu. Naka lafiya, ga ƙara a tudu, wato hayaƙin ba ya shiga, zafin ƙonewa ya yi yawa. Accord V6 na waɗannan shekarun an san su da toshewar hanyar hayaƙin da ke cikin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji. Kunkunniya ce ta daskare can ciki, wankin bawul ba ya kai wa gare ta. A sa kwamfuta ta buɗe bawul ɗin yayin da inji ke sulo. In bai yi tangal-tangal ba, a kwance manifol a sassaƙe. Jinkirin dawowar wutar kuma, sai kwamfutar motar ta ga laifin a tafiya biyu take kunna ta.

Direban Dare: Injiniyan waya ke nan. Ka taɓa kwanciya ƙarƙashin mota? A sa ƙarfe a toshe EGR ɗin kowa ya huta.

Injiniya Sabo: Yallaɓai, lambar na cewa hayaƙi bai isa ba, kai kuma ka ce a toshe?

Maman Sadiq: Maigidana baƙin salatif ya manna a kan wutar. Shekara biyu ba ta dame mu ba.

Abu Hanif: Hajiya, gara shi, bai cuci kowa ba. Wanda ya sayar mini da Corollar nan cire ƙwan fitilar ya yi ɗungurungum. In za ku sayi mota, ku murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, dole wutar cek ta kama.

Direban Dare: Wasu ma haɗa ta suke da wutar batir, su kama tare su mutu tare.

Baban Iklima: To ni dai in saya ko kada in saya?

Maman Sadiq: Malam Abu, ka mayar masa da motar kuwa?