Ɗana ya kurumce bayan sanƙarau, makaranta ta ce in ɗauke shi

Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema don Allah.

Ɗana shekararsa 6. Sanƙarau ya kama shi lokacin zafin bara, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma ji ya tafi. Ko murfin tukunya ya faɗi a bayansa ba ya waiwayowa, sai ka taɓa shi. Abin da ya fi cin raina, 'yar maganar da ya iya ma ta fara laƙwamewa, "Umma" kaɗai ke fita sosai.

Shugaban makarantarsu ya kira ni ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba mu da malamin maganar hannu." Alhali dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ba irinsu ilimi kyauta har sakandare.

A asibiti an rubuta mana na'urar ji, kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Wasu sun ce mu je cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, wasu sun ce makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano. Mahaifinsa kuwa bai yarda da makarantar kwana ba, wai ya yi ƙanƙanta.

Wanne zan fara? Kuma ni uwa, a ina zan koyi maganar hannun?