Waɗanda aka ɗebi naman furostet ɗinsu, ku ba mu labari

Ɗan Auta: Salamu alaikum. Mahaifinmu ne, shekararsa 68, fitsari na ba shi wahala, gwajin jini na PSA, na gano alamar matsalar furostet, kuma ya hau har 24. Likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama a furostet, ƙullutun nan na ƙasan mafitsara, a yi hotuna, kafin a san ko ciwon daji ne da kuma inda ya kai. Baffanninmu sun ce atafau, wai ƙarfe in ya taɓa daji watsuwa yake. Wanda ya taɓa yi ya taimaka mana.

Malam Mai Ritaya: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni an yi mini, kuma ba yanka ba ne. Ta gefe za ka kwanta, ka naɗe gwiwa, su sa na'urar hoto ta dubura, su kashe wurin, sai siririyar allura ta riƙa tsakuro nama, yawanci wuri 12. Kowane ɗauka ka ji ƙas! kamar an danna sitefula. Wallahi kunyar ta fi zafin. A ranar na koma gida. Na ga jini a fitsari na 'yan kwanaki, na maniyyi kuwa ya ɗauki makonni. Mahaifinku ya shanye maganin kashe ƙwayoyin cuta da za a ba shi, in zazzaɓi da rawar sanyi suka taso ku koma asibiti ko da tsakar dare ne. In yana shan asfirin ko wafarin, masu tsinka jini, ku faɗa wa likita tun yanzu.

Uwargida: Allah ya ba Baba lafiya. Takardar gwajin naman maigidana ta fito da Gleason 3+4=7, wato makin da ke nuna ƙarfin dajin. Likita ya ce lambar farko ita ce irin ƙwayoyin da suka fi yawa a naman, shi ya sa 3+4 ya fi 4+3 sauƙi duk da jimillarsu ɗaya. Daga 6 makin ke tashi zuwa 10. Amma naman ƙarfin dajin kawai yake nunawa. Ko ya fita daga furostet, wannan aikin hoto ne.

Ɗan Kwari: Ku tambaya ko za a fara da hoton MRI, na cikin jiki. Mu an riga an ɗebi naman, sai da muka jira makonni saboda jinin da ya kwanta a wurin yana ɓata hoton.

Yayar Marayu: Mu maganar baffanni muka bi, aka yi ta jiƙe-jiƙe har Baba ya fara kukan baya da ƙugu. Da aka tura mu hoton ƙashi, allura suka yi masa a jijiya, suka ce ya yi ta shan ruwa, bayan kamar awa uku ya kwanta a ƙarƙashin na'ura. Sai ga baƙaƙen ɗigo a ƙashin baya da na ƙugu. Mataki na 4 ke nan, kuma a lokacin ko allurar ɗibar nama ba ta taɓa shi ba, balle a ce ƙarfe ne. Yanzu yana kan allurar rage sinadarin maza, ciwon ya lafa, har masallaci yana zuwa da ƙafarsa.

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri, Yaya, ya sa kaffara ne. Baba na shan asfirin kullum, gobe zan kai wa likita kwalin. Malam, ana cin abinci kafin a je, ko da azumi ake zuwa?