Wai daga Andalus Turawa suka koyi kiɗa?

Baban Yara: Jama'a, ina nan a kan bakana. Kiɗan Turawa na can da, aro ne daga Musulmin Andalus, wato yankin Sifen da Musulmi suka mulka. Shahararren makaɗin nan Ziryab ya baro Bagadaza ya sauka Kurɗuba, babban birnin Andalus, a 822, ya buɗe makarantar waƙa, ya ƙara wa garayar Larabawa, wato ud, tsirkiya ta biyar. To a lokacin me mutanen Faransa ke kaɗawa?

Malamar Tarihi: Ranka ya daɗe, waƙoƙin coci suke rerawa da Latin, murya ɗaya, ba ganga ba molo. Wannan kam ba daga Kurɗuba ya zo ba.

Baban Yara: Malama, rera addu'a ai ba kiɗa ba ne.

Malamar Tarihi: To daga cikinsa aka samu rubuta waƙa a kan layi. Guido, wani malamin coci na garin Arezzo a Italiya, shi ya daidaita tsarin wajajen 1025, har yaro ya iya rera waƙar da bai taɓa ji ba, daga takarda kawai. Wajajen 1200 kuma, a cocin Notre Dame da ke Faris, Perotin na haɗa muryoyi huɗu, kowacce da hanyarta, su tafi tare ba karo. Nuna min wannan a Andalus.

Ɗan Auta: Anti, kin manta da kayan kiɗan. Ku nemi hotunan littafin Cantigas na Sarki Alfonso na 10 na Kastil da ke Sifen, wanda ya rasu a 1284. Waƙoƙi sama da 400 ne na yabon Nana Maryamu, amma a wani hoton ga Musulmi da rawaninsa, ga Kirista a gefensa, kowa rungume da garayarsa mai dogon wuya. Rebek ɗinsu ma, mai kama da gogenmu, jikan rababar Larabawa ne.

Malamar Tarihi: Auta, wannan ban musa ba. Ud, rababa, har da 'yan tagwayen gangunan nan na nakkara, duk sun ara. Abin da na ƙi shi ne a ce komai aro ne.

Baban Yara: Mawaƙan soyayya na kudancin Faransa fa? Maƙwabtan Andalus ne, begen nasu iri ɗaya.

Malamar Tarihi: A nan masana kansu sun rabu biyu, Alhaji. Matsalar ita ce mawaƙan Andalus da ka suke riƙe karin waƙa, ba su bar shi a rubuce ba, balle a ajiye su gefe da gefe a gwada.

Baban Yara: Wato don ba su rubuta ba sai a cinye musu haƙƙi? Bari in dawo daga masallaci, ban gama da ke ba.