Wanke mota da shafa mata kaki a gida: kowa ya faɗi abin da ya gani

Sabon mai mota, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah ya hore mini Corolla 'yar Kwatano, baƙa, kuma ina so in riƙa wanke ta da kaina a ƙofar gida ranar Asabar. Maƙwabcina ya ce omo da soso sun isa, wani abokin aiki kuma ya ce in je Ƙofar Ruwa in sayi gwangwanin kakin shafa mota. Ban taɓa yi ba. Waɗanda suka daɗe da mota a hannu, don Allah ku ba ni haske, musamman yanzu da hunturu ya kama.

Direban haya, hanyar Kano zuwa Zariya

Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Ƙanena, kafin ka kashe ko sisi a kan kaki, fara hana kowa goge motar nan da busasshen tsumma. Kullum ina ganin haka a tasha: mota ta kwana ƙura ta lulluɓe ta, da asuba yaron mota ya ɗauko tsohuwar singileti ya bi ta da guga, kowa ya ce ta fita. Bayan 'yan watanni ka tsaya a rana ka dubi bonet, za ka ga zane-zane sirara sun zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Ƙurar hunturu akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, tsumman ne ke danna shi yana yankar fentin. A farar mota ba a cika lura ba, amma baƙa ba ta rufa wa kowa asiri. Ni idan babu ruwa, barinta nake da ƙurarta, gilashin gaba kaɗai nake wankewa don in ga hanya. Maganar omo kuwa, da shi nake wanke tawa tun da na fara tuƙi, ban ga ta mutu ba.

Malamar makaranta, Kaduna

Malam direba ya yi gaskiya a kan tsumma, amma a kan omo ban bi shi ba. Ni ke wanke motata a tsakar gida, yara suna taya ni. An yi omo ne don ya cire maiƙo daga tufafi, kakin da ka shafa kuwa dangin maiƙo ne, to shi zai fara tafiya da shi. Ga garin da bai narke ba yana maƙalewa a soso. Akwai sabulun ruwa na mota a shagunan kayan mota, murfi ɗaya ko biyu a bokiti ya wadatar, kwalba ɗaya tana daɗewa.

Yadda nake yi: jarka biyu daga wurin mai ga-ruwa. Da farko ina kwara ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa ba tare da na taɓa jikin motar ba, har sai ƙurar ta gangara. Sannan bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya. Duk sanda na wanke ɓangare guda, sai in tsoma tawul ɗin a na ɗauraya in girgiza shi kafin ya koma cikin kumfa. Idan an gama ka leƙa gindin bokitin ɗaurayar, yashin da za ka gani a kwance shi ne wanda da tuni ya koma jikin fenti. Rufi, gilasai, bonet, ƙofofi, sai ƙasan ƙofofi a ƙarshe domin nan ne dauɗar take. Taya da wili suna da nasu soson daban, ba ya hawa jikin mota. Tawul kuma in ya faɗi ƙasa, ya gama aikin ranar, sai an wanke shi.

Mai fenti, Panteka

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin rage mini bayani. Bari in faɗi abin da ke zuwa garejinmu, domin mu ake kawo wa idan ta ɓaci.

Yawancin motocin yanzu fentinsu hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa da ke kama ƙarfe, akwai mai launi, sai na sama marar launi wanda shi ne ke sheƙi yana tare rana. Na saman nan bai kai kaurin takardar littafi ba. Shi ne tsumma ke karcewa, shi ne rana ke ci, kuma idan ya fara ɓarewa fari-fari a rufi da bonet babu kakin da zai dawo da shi, sai sabon fenti. Alhaji direba, motar haya da ake sake wa fenti lokaci-lokaci daban take da motar wanda yake so fentin kamfani ya daɗe masa. Omo ba zai kashe ta yau ba, amma zai bar ta tsirara a rana, robobin gilashi ma su bushe da wuri.

Abu na biyu, a kula da abin da ake saya. Masu shago da yawa komai folish suke ce masa, alhali gwangwanayen aikinsu ya bambanta. Akwai mai gurza, irin wanda muke sa wa inji mu kankare saman fenti kaɗan don zane ya ɓace. Akwai kaki, wanda ba ya cin komai, zama kawai yake a sama ya tare ruwa da ƙura. An taɓa kawo mini jar mota da mai ita yake bin ta da mai gurza kowane mako yana jin daɗin ƙyalli, har gefen bonet ya cinye, launin ya fara fitowa a tsumma. Sabon shiga ya tsaya a kaki. A karanta jikin gwangwani, in ba a gane ba a tambayi mai fenti kafin a buɗe.

Ma'aikaci, Sakkwato

Mu nan rana ce matsalar. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, baƙin bonet kuwa ba ka iya ɗora masa tafin hannu da azahar. Ruwa yana sauka yana bushewa, ruwan burtsatsenmu kuma yana barin farin tabo ɗigo-ɗigo wanda wanki na gaba ba ya fitar da shi. Don haka bayan sallar asuba nake yi, ko da la'asar sakaliya a inuwa, kuma ba na bari ta bushe da kanta. Ina gama ɗauraya nake bi da busasshen tawul mai laushi, irin na maikurofaiba, in shimfiɗa shi in ja a hankali.

Kakin gwangwani da yawa za ka ga an rubuta Carnauba, ana samo shi daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Yana ba da sheƙi mai kyau, sai dai a zafinmu wata ɗaya zuwa biyu ya tafi. Na ruwa da ake haɗawa a masana'anta ya fi jure mini. Gane ko da saura ba wuya: watsa ruwa a bonet, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa akwai kaki, in ya baje ya kwanta lokacin sabo ya yi.

Mai Golf, Jos

Ga yadda ake shafawar, tunda ba wanda ya faɗa. Mota ta wanku, ta bushe, jikinta da sanyi. Ɗan soson da ke cikin gwangwanin, a dangwala kaɗan, a shafa siriri a ɓangare ɗaya, misali rabin bonet. Labtawa da yawa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. A jira ya yi hazo-hazo, a ja yatsa a kai: in wurin ya fito tas, a goge da tawul mai tsabta ana juya shi, in ya bar maiƙo-maiƙo, a ƙara jira. A sanyin Jos yana ɗaukar lokaci fiye da yadda aka rubuta a gwangwani. A kiyaye baƙar robar bamba da gefen madubi, domin kaki yana barin farin tabo a kansu mai wuyar fita.

Ɗan kasuwa, Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Ku ƙara da inda ake ajiye motar. Kowa inuwar darbejiya yake nema, amma a nan tsuntsaye da jemagu ke sauke kashinsu, ga 'ya'yan itacen da ke fashewa a rufi. Kashin tsuntsu in ya sha rana kwana biyu yana cin fenti ya bar shaida ko an wanke. Ina ajiye gorar ruwa da ƙyalle a but, in na gani sai in jiƙa ƙyallen in ɗora a kai ya yi laushi, in ɗauke ba tare da kankara ba. Kuma na ga masu wanki suna zuba kananzir ko gas a ruwa wai don ƙyalli. Yana ƙyalli na awa ɗaya, daga nan ƙurar hanya duk ta manne. Man birki kuwa da wasu ke shafa wa taya, in ya ɗiga a fenti ɓare shi yake.

Sabon mai mota, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tambaya ɗaya ga Baba mai fenti: dillalin ya ce an yi wa ƙofar baya sabon fenti makon da ya wuce kafin a ba ni. In haɗa da ita wajen shafawa? Kuma rigar mota fa, in saya?

Mai fenti, Panteka

A'a ɗana, tsallake ƙofar nan. Fentin gareji yana ci gaba da fitar da sinadarinsa bayan ya bushe a hannu, in ka rufe shi da kaki yana iya dusashewa. Ba ta wata biyu zuwa uku, ruwa da sabulun mota kawai, sauran jikin ka shafa abinka. Riga tana da amfani in motar a wanke take. In ka lulluɓa ta a kan ƙura, iskar dare tana kaɗa rigar tana gurza yashin a rufi da kusurwoyi har gari ya waye. Ka nemi mai laushi daga ciki, mai igiyar ɗaurewa ta ƙasa, kuma ka riƙa kakkaɓe ta nesa da motar kafin ka naɗe.