Digiri na biyu a fannin tsara filaye da lambuna: abin da aka tattauna

A wata tattaunawa kan neman wannan digiri, galibin waɗanda suka yi magana sun ce ba dole sai wanda ya karanta zanen gine-gine ne zai samu shiga ba. A Amurka, wanda ya fito daga wani fanni yakan yi shekara 3, mai tushen zane kuma shekara 2. Jami'ar Harvard tana koyar da fannin tun 1900, amma sun ce kada suna ya ruɗe ka, fara duba ko hukumar LAAB, mai tantance karatun wannan fanni a jami'o'in Amurka, ta amince da shirin, domin hakan na sauƙaƙa samun lasisin aiki.

Inda aka fi daɗewa shi ne kundin zane, wato tarin zane-zanenka da za ka miƙa wajen neman shiga. Wata ta ce ka sa har zanen fensir da ka goge ka sake, malamai suna son ganin yadda tunaninka ke tafiya. Ni ma nan na fi gamsuwa.

Sun kuma gargaɗi masu zaton aikin shuka furanni ne kawai. Akwai lissafin gangaren ƙasa, da inda ruwan sama zai bi, da kwana a ɗakin zane. Batun kuɗi kuwa, ka nemi aikin taimaka wa malami kafin ka ci bashi.